Katsewar sadarwa tsakanin na'urar saitomita da kwamfuta

Saitomita na'ura ce ta ɗakin gwaji wadda ke jera ƙwayoyin halitta ɗaya bayan ɗaya cikin siririn ruwa, su gifta ta gaban hasken leza, ta ƙirga su, ta kuma bambance iri-irinsu. Wolfgang Göhde ne ya ƙera irinta mai aiki da rini mai ƙyalli a Jami'ar Munsta ta Jamus a 1968. A asibitocin Najeriya da Nijar an fi saninta da ƙirga ƙwayoyin CD4, wani nau'in ƙwayoyin garkuwar jiki da ke cikin jini, na masu ɗauke da cutar ƙanjamau.

Manyan na'urorin ba sa nuna sakamako da kansu. Kwamfutar da ke gefe ce ke ba su umarni, ita ke karɓar bayanan ta adana su a fayil mai tsarin FCS, wanda aka fara fitarwa a 1984. Da zarar layin da ke tsakaninsu ya yanke, aiki ya tsaya cak, ko da fitilun na'urar na ci, famfonta na kaɗawa.

Hanyar haɗin iri biyu ce. Wasu ƙananan na'urori, kamar Accuri C6, da wayar USB suke aiki. Manya irin su FACSCanto da LSR II na kamfanin BD suna da ƙaramar kwamfuta a cikinsu, wadda ke magana da manhajar FACSDiva da ke kan kwamfutar gefe ta wayar Ethernet, irin wayar da ake haɗa kwamfuta da intanet. A nan aka fi shan wahala. Kwamfutar gefen takan zo da ramin waya biyu, ɗaya na na'urar, ɗaya na intanet ɗin ma'aikata, kuma kamar an tsaga kara suke. Mai shara ya ja tebur, waya ta fita, wani ya mayar da ita ramin da ba nata ba, shi ke nan sai manhaja ta yi ta cewa tana neman na'urar har la'asar.

Ramin kwamfutar da aka ware wa na'urar yana da tsayayyen adireshin IP, wato lambar da ake gane shi da ita a kan layi, da injiniyan kamfani ya sa masa ranar kafawa. Idan ma'aikacin sashen kwamfuta ya mayar da shi kan tsarin karɓar adireshi kai tsaye, ko aka sake ɗora Windows, to sadarwa ta mutu. Katangar tsaro ta Windows da manhajar kashe bairos su ma sukan toshe hanyar bayan sabuntawa cikin dare. Shi ya sa ɗakunan gwaji da dama ba sa haɗa wannan kwamfuta da intanet kwata-kwata, kuma suna da gaskiya.

Ƙwararru da abu mai araha suke fara bincike. Ana duba ƙananan fitilun bakin ramin wayar. In a mace suke, laifin waya ne ko ramin. In suna ƙiftawa, sai a aika umarnin ping, saƙon gwajin ko layi na aiki, zuwa adireshin na'urar. In ta amsa amma manhaja ta ƙi ganinta, zargi ya koma kan katangar tsaro. Daga nan a kashe komai, a kunna bisa jerin da littafin na'urar ya tanada, a ba kwamfutar cikinta 'yan mintoci ta gama farkawa kafin a buɗe manhaja. Gaggawa a wannan gaɓa kaɗai ta sa an kira injiniya a banza ba sau ɗaya ba.

A ɓangaren USB, Windows kan kashe ramin don tattalin wuta, sannan waya mai tsarin USB 2.0 ba ta son wuce mita 5. FACSDiva kuma tana buƙatar makullin lasisinta a cikin ramin USB, ɗan abu mai kama da filas wanda wanda bai sani ba kan zare.

Inda wuta ke yawan ɗaukewa, sauyawa zuwa janareta kan sa na'urar ta sake tashi alhali kwamfutar na kan batir, sai manhaja ta ci gaba da jiran tsohuwar sadarwar da ta riga ta yanke. Maganinsa a ɗora su biyun kan UPS ɗaya, wato akwatin batir mai riƙe wuta, mai ƙarfin ɗaukarsu.