Mazaunin 'Yar Mesa Mai Dunƙulewa: Girmansa da Irinsa

Mesa mai dunƙulewa, wadda masana dabbobi ke kira Python regius, ƙaramar mesa ce marar dafi da ke rayuwa a Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Tana cikin macizan da aka fi kiwo a gidaje a Amurka da Turai. Sunanta ya samo asali daga halinta: idan ta tsorata sai ta naɗe jikinta, ta cusa kai a tsakiya, ta zama dunƙule guda kamar ƙwallo. Masanin Ingila George Shaw ne ya fara bayyana ta a rubuce-rubucen kimiyya a 1802. Tambayar da ta fi damun sabon mai kiwonta ita ce wane irin akwati zai sa 'yar ƙaramar a ciki, kuma yaya girmansa zai kasance. Masu kiwo sun daɗe suna jayayya a kan wannan, har yanzu ba su gama ba.

Inda ta fito

Ana samun wannan mesa daga Senegal, a biyo ta Ghana da Togo da Benin da Najeriya, har Kamaru da Chadi da Sudan da Uganda. Ta fi son filayen ciyawa da bakin daji da gonaki. Da rana tana kwance a ramin gafiya ko na ɓera, ko a cikin tsohon suri da gara ta bari, sai dare ya yi ta fito farauta. A wasu wurare ana girmama ta ƙwarai: a Wida ta ƙasar Benin akwai ɗakin tsafi da aka keɓe mata, kuma a yankin Idemili na jihar Anambra al'ada ta hana kashe ta.

Ghana da Togo da Benin su ne suka fi fitar da ita zuwa kasuwannin waje, har an fitar da miliyoyi tun daga shekarun 1970. Mafarauta kan tono mata masu ƙwai daga ramuka a farkon shekara, a ƙyanƙyashe ƙwan a gonakin kiwo, sannan a sayar da 'ya'yan. Tana cikin rukuni na biyu na CITES, yarjejeniyar da ke sa ido kan cinikin namun daji tsakanin ƙasashe, wato sai da takardar izini ake ƙetara iyaka da ita. A yau kuma akwai dubban masu hayayyafa ta a Amurka da Turai, masu neman launuka iri-iri.

Wanda ya fahimci ramin nan ya fahimci rabin maganar mazauni. Cikin rami akwai duhu, akwai matsi, akwai laima, kuma zafinsa ba ya hawa da sauka kamar na waje. Sai dai ba a rami kaɗai take ƙare rayuwarta ba. Luca Luiselli da Francesco Angelici, a binciken da suka buga a 1998 kan mesoshin kudu maso gabashin Najeriya, sun gano cewa mazan kan hau bishiya, kuma tsuntsaye na da yawa a cikin abincinsu. Ke nan dabba ce mai ɓuya da rana, mai yawo da dare, kuma mazauni na ƙwarai sai ya ba ta damar yin duka biyun.

Maganar girma

'Yar mesa da ta fito daga ƙwai ba ta cika wuce santimita 25 zuwa 40 ba, nauyinta kuma yakan kama daga giram 60 zuwa 100. Idan tana cin abinci sosai takan ninka tsawonta ko kusa da haka a shekarar farko. Babba takan kai santimita 90 zuwa 150, kuma mata sun fi maza girma. A hannun mai kiwo takan yi shekara 20 zuwa 30, wasu ma fiye, don haka akwatin farko na ɗan lokaci ne kawai.

Tsohon ra'ayi, wanda ya yaɗu a tsakanin masu hayayyafawa don sayarwa, shi ne ƙaramin maciji sai ƙaramin akwati. Hujjarsu ita ce fili yana tsorata 'yar mesa, idan ta tsorata kuma sai ta ƙi cin abinci. Akwai gaskiya a ciki. A daji 'yar mesa abincin shaho ce da sauran dabbobi, kuma duk inda ta ga kanta a sarari babu abin fakewa, hankalinta ba ya kwanciya. Amma idan aka duba da kyau, abin da take tsoro shi ne wofin fili. Babban akwati da aka cika da maɓoya da ganyaye da rassa, yadda za ta bi daga wannan gefe zuwa wancan ba tare da an gan ta ba, ba ya hana ta ci. Ƙaramin akwati kuwa, in babu komai a ciki sai takarda da kwanon ruwa, yana iya hana ta.

Ƙa'idar da ta fi karɓuwa yanzu ita ce tsawon akwati ya kai tsawon macijin idan ya miƙe sosai. Ƙa'idojin kiwon dabbobi masu jan ciki da Jamus ta fitar a 1997 sun tafi a kan haka ga irin wannan mesa: tsawon mazauni daidai da tsawon jikinta, faɗinsa rabin haka, tsayinsa kuma kashi uku cikin huɗu. A aikace, ga sabuwar ƙyanƙyasa, akwati mai tsawon santimita 60 zuwa 75 da faɗin 30 zuwa 40 ya wadatar na wasu watanni. A Amurka ana yawan farawa da tankin gilashi na galan 20 mai dogon ciki, wanda tsawonsa ya kai kamar santimita 76, faɗi da tsayi kuma 30. Daga nan a koma mai santimita 90, sannan a ƙare a mai tsawon 120 da faɗin 60 da tsayin 60, wanda masu kiwo da yawa ke ɗauka a matsayin mafi ƙanƙantar mazaunin babba.

Wasu kan tsallake duk waɗannan matakai su sayi babban tun farko. Ya fi sauƙin kuɗi idan aka yi lissafin shekaru, amma yana da wahalarsa: neman 'yar mesa mai kaurin babban yatsa a cikin akwatin da aka cika da kaya aiki ne, kuma da wuya a lura ko ta yi kashi, ko tana ɗauke da ƙwari.

Akwai wani dalili da ya sa akwati ba zai yi ƙanƙanta da yawa ba, kuma shi ne mafi ƙarfi. Maciji ba ya samar da ɗumin jikinsa, da sauya wuri yake daidaita shi. Dole gefe ɗaya ya yi ɗumi, ɗayan ya yi sanyi-sanyi. A akwatin da ya yi ƙanƙanta sosai, zafin yakan game ko'ina, macijin ya rasa inda zai gudu.

Ire-iren akwati

Tankin gilashi mai murfin raga shi ne aka fi samu a shagunan dabbobi, domin asalinsa na kifi ne. Ana ganin macijin sosai, wankewa ba wuya. Aibinsa a murfin yake: ɗumi da laima duk ta ragar suke ficewa. Masu amfani da shi kan rufe yawancin ragar da farantin roba ko takardar alminiyam, su bar ɗan wurin iska, sannan su manna takarda mai duhu a bango uku daga waje. Wani aibin shi ne hannu yana zuwa daga sama, kamar yadda shaho ke saukowa, abin da ke sa wasu 'yan mesa firgita.

Bahon roba mai murfi, irin na ajiyar kaya, shi ne mafi araha, kuma yana riƙe laima sosai. Ana huda ƙananan ramukan iska a gefensa. Masu hayayyafawa kan jera irinsa ɗari-ɗari a kanta kamar aljihun tebur, da tsirin ɗumi na lantarki a ƙarƙashin gefe ɗaya. 'Yan mesa kan ci abinci da kyau a cikinsa, shi ya sa 'yan kasuwa ke son sa. Amma gajere ne, babu wurin hawa, babu haske. A 2021 wasu masu bincike a Munich suka kwatanta halin mesa 35 a irin wannan kanta da kuma a babban mazauni mai kayan ciki. A babban mazaunin macizan sun nuna halaye iri-iri, har da hawa da shan ɗumin fitila, a kantar kuwa an fi ganin su suna tura baki a jikin bango. Baho ya yi daidai da watannin farko da lokacin killacewa. A bar maciji a cikinsa shekara 20, wannan wata magana ce dabam.

Akwatin PVC, wato roba mai tauri, mai ƙofar gilashi a gaba shi ne wanda ƙwararru suka fi yabawa. Yana riƙe ɗumi da laima, bangonsa uku a rufe suke, ruwa ba ya lalata shi, kuma ana buɗe shi ta gaba. Tsada ce kawai matsalarsa. A Ingila an fi sabawa da na katako, wanda shi ma yana riƙe ɗumi, sai dai in ba a shafe shi da abin hana ruwa shiga ba, laima takan kumbura shi ya ruɓe. Kejin waya irin na tsuntsu ko na zomo kuwa bai dace ba ko kaɗan: ba ya riƙe komai, kuma macijin zai goge hancinsa a waya har ya yi rauni.

Ko wane iri aka zaɓa, murfi sai da makulli ko maƙalai. Mesa tana da ƙarfi fiye da girmanta. Da dare za a gan ta ta miƙe a jikin bango tana bin gefen murfin da hanci, kusurwa bayan kusurwa, kuma duk kafar da kanta ya shiga, jikinta zai bi. Ramin da wayar lantarki ta ratsa da tazarar da ke tsakanin ƙofofin gilashi biyu su ne hanyoyin da ƙanana suka fi bi. Ɗora littafi ko dutse a kan murfi ba ya hana ta. Kada kuma a sa salatif a cikin akwatin, domin in ya manne mata yana iya ɗaye fatarta.

Zafi da laima

Gefen ɗumi ana so ya kasance digiri 31 zuwa 33 a ma'aunin Salshiyos, gefen sanyi 25 zuwa 27, da dare kuma kada ya sauka ƙasa da 23 ko 24. Ana samar da ɗumin da fitila daga sama ko da shimfiɗar lantarki a ƙarƙashin kashi ɗaya cikin uku na akwatin. Kowanne sai an haɗa shi da na'urar daidaita zafi, wadda ke yanke wuta idan zafin ya kai iyaka. Maciji yakan kwanta a kan abu mai zafi har cikinsa ya ƙone bai motsa ba, shi ya sa likitocin dabbobi ke hana amfani da dutsen ɗumi na lantarki. Fitilar da ke cikin akwati kuma a kewaye ta da raga.

Laimar iska ana so ta tsaya daga kashi 60 cikin ɗari zuwa sama, a ƙara zuwa 70 ko 80 idan za ta yi saɓa. Alamar saɓa ita ce launinta ya dushe, idanunta su yi fari-fari kamar an shafa madara. Idan laima ta isa, saɓar takan fita guda ɗaya tun daga hanci har wutsiya. Idan ba ta isa ba sai ta fita gutsi-gutsi, wani ya maƙale a ido ko a ƙarshen wutsiya. Amma laimar iska dabam, jiƙaƙƙiyar ƙasa dabam: kwanciya a kan shimfiɗa mai ruwa yana kawo ruɓewar ɓawon ciki.

Waɗannan shawarwari an tsara su ne don ƙasashen sanyi, inda neman ɗumi ne aikin. Mai kiwo a Kano ko Maraɗi ko Zinder matsalarsa ta juya. A bazara, watannin Maris zuwa Mayu, zafi kan haura digiri 40, kuma tankin gilashi da rana ta buga ta taga yana iya kashe maciji cikin ɗan lokaci, don haka sai a nemi ɗakin da ya fi sanyi a gidan. A hunturu kuma iska takan bushe ƙarau, dare ya yi sanyi, ga ɗaukewar wuta. A nan baho ko akwati rufaffe ya fi tanki mai raga nesa ba kusa ba.

Kayan ciki

Maɓoya biyu ne mafi ƙaranci, ɗaya a gefen ɗumi, ɗaya a gefen sanyi, kuma zai fi kyau su zama iri ɗaya. In an ba ta guda ɗaya tak, za ta zaɓi ɓuya a kan lafiyarta, ta zauna a ciki ko da zafin bai yi mata ba. Maɓoyar ta zama mai ƙofa ɗaya, gajeriya, mai matsi, yadda idan ta dunƙule jikinta zai taɓa bango ta ko'ina. Ƙaramin kasko da aka kife aka fasa masa ƙofa a baki, aka goge kaifin, ya yi aikin. Rabin kututture mai buɗe gaba da baya, wanda shaguna ke sayarwa saboda kyau, ba ya ba ta natsuwa.

Shimfiɗar ƙasa da aka fi amfani da ita ita ce dakakken ɓawon kwakwa ko ƙasa mai tsabta marar taki da maganin ƙwari. Garin katakon itatuwa masu ƙamshi irin su cedar da pine ana guje musu saboda mansu yana cutar da numfashinta. A makonnin farko masu kiwo da yawa kan shimfiɗa farar takarda kawai, domin a kanta ake saurin ganin ƙananan ƙwarin da ke shan jinin maciji, baƙaƙe kamar garin masoro, suna yawo ko sun nutse a kwanon ruwa. Kwanon ruwan ya zama mai nauyi, wanda ba za ta kifar ba. Sai reshe ɗaya ko biyu masu ƙarfi, da ganyen roba da zai rufe sararin da ya rage.

Gane ko mazauni ya yi

Sabuwar 'yar mesa ana barin ta kamar mako guda ba a taɓa ta ba kafin a ba ta abinci, sannan a riƙa ba ta ɗan ɓera duk kwana 5 zuwa 7. Wadda ta natsu takan yini a maɓoya, da magariba ta leƙo da kai tana kaɗa harshe, ta ɗan yi yawo, ta kama abinci idan an miƙa. Wadda ke yawo ba tsayawa da rana tsaka, ko ta ƙi ci mako bayan mako, ko take jiƙa a ruwa kullum, akwai abin da ba daidai ba, kuma kafin a zargi macijin sai a fara duba ma'aunin zafi da maɓoya. Numfashi mai ƙara ko kumfa a baki kuwa maganar likitan dabbobi ce.

Ana sauya akwati idan tsawon macijin ya kusa wuce tsawonsa, ko maɓoyar da ta dace da jikinsa ta cinye filin. A lokacin sauyin akan ɗauko tsofaffin maɓoyan da ɗan shimfiɗar da ta saba da warinta a sa a sabon wurin. Mesa ɗaya ake sa wa a kowane akwati. Idan an haɗa biyu sukan yi gasar maɓoyar da ta fi ɗumi, kuma in ɗaya ta kamu da ƙwari ko cuta, ɗayar ma ba ta tsira.