Ganyen netil: amfaninsa da inda ya kamata a yi hattara

Ganyen netil, wanda masana tsirrai ke kira Urtica dioica, ya fara shigowa hannun mutanenmu a Bauchi, wani a niƙe, wani a ƙullin shayi, kuma galibi ta tallar WhatsApp ake jin labarinsa. Tsiro ne na ƙasashe masu sanyi, musamman Turai da sassan Asiya. Jikinsa cike yake da ƙananan gashi masu kama da allura, waɗanda da zarar sun taɓa fata sai su karye su zuba sinadarai irin su histamin, wurin ya yi ja, ya yi borin jini, ya ɗauki zafi. Dafawa ko busarwa tana kashe wannan dafi. Kada kowa ya ga karara a daji ya ɗauka shi ne, domin ba danginsu ɗaya ba.

Turawa sun daɗe suna miya da ganyen, suna kuma shan ruwansa domin ƙara fitsari da rage ciwon gaɓoɓi. Yana da sinadarin ƙarin jini da kalsiyam, sai dai zogale da alayyahu da ke kasuwar Muda Lawal suna biyan wannan buƙata da kuɗi kaɗan.

Abin da ya fi damuna shi ne dattawanmu maza. A Jamus ana amfani da saiwar netil wajen sauƙaƙa wahalar fitsari da kumburin furostet, wato ƙullutun da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji, ke kawowa, amma sauƙin fitsari ba ya nufin ƙullutun ya koma yadda yake, kuma ciwon daji na furostet yana iya zuwa da alamu iri ɗaya. Magidancin da ke tashi sau da yawa cikin dare, fitsari na fita ɗis-ɗis, ya fara zuwa asibiti a duba shi, a yi masa gwajin jini na PSA, kafin ya nemi wani ganye.

Masu shan maganin hawan jini ko na ciwon suga su sani netil na iya ƙara wa maganin ƙarfi, har jiri ya kama mutum ko suga ta faɗi. Bitamin K da ke cikinsa kuma yana rage aikin warfarin, maganin tsinka jini. Mai juna biyu ta bar netil gaba ɗaya.

Wanda ya riga ya saya ya duba lambar NAFDAC a jikin kwalin, ya kuma tafi da shi ranar ganin likita ya nuna masa.