Salwantar fakiti a ɓoye

Salwantar fakiti a ɓoye matsala ce da ke samun hanyoyin sadarwar kwamfuta, inda bayanai ke ɓata a hanya ba tare da wata na'ura ta nuna cewa a hannunta suka faɗi ba. Duk saƙon da ke bin intanet ana gutsuttsura shi ne zuwa ƙananan ƙunshi da ake kira fakiti. A al'ada, idan cunkoso ya sa rawuta ko suwic, wato na'urorin da ke miƙa fakiti daga wannan gaɓa zuwa waccan, ta yar da fakiti, takan ƙirga shi, mai kula da hanyar ya duba ya gani. A nan kuwa ƙidayar tana kan sifili, fitilun na'ura kore shar, amma jama'a na ta kukan shafi ya ƙi buɗewa.

Abin da ke jawo ta yakan kasance katin na'ura da ya fara lalacewa, ko kuskure a manhajarta, ko gurɓatar layi guda a teburin da take duba hanya. Akwai kuma matsalar girman fakiti. Ethernet, tsarin haɗa kwamfutoci da waya, ta saba ɗaukar bayit 1500 a fakiti guda; idan wata gaɓa ba ta kai haka ba, kuma an toshe saƙon ICMP, wato sanarwar matsala da na'urori ke aika wa juna, da zai gargaɗi mai aikawa, sai ƙananan fakiti su wuce lafiya, manya su yi ɓatan dabo.

Asarar ba sai ta yi yawa take illa ba. TCP, ƙa'idar da ke tabbatar da isar bayanai tsakanin kwamfutoci, na ɗaukar kowace asara a matsayin alamar cunkoso, sai ta rage gudu. Lissafin da Matthew Mathis da abokan aikinsa suka wallafa a 1997 ya nuna cewa idan asara ta ninka sau huɗu, gudun ya ragu da rabi, kuma nisan tafiya na ƙara ta'azzara shi. Injiniyoyin ESnet, hanyar sadarwar masu binciken kimiyya a Amurka, sun taɓa gano kati mai yar da fakiti ɗaya kacal cikin 22,000, wanda ya durƙusar da jigilar manyan bayanai zuwa wurare masu nisa.

Tunda shaidar na'urar ba abin dogaro ba ce, daga bakin hanya ake aunawa. Tsofaffin kayan aikin su ne ping, mai aika fakitin gwaji ya jira amsa, da Mike Muuss ya rubuta a 1983, da traceroute, mai lissafo na'urorin da ke kan hanya, na Van Jacobson daga 1987. Sai dai a manyan cibiyoyin ajiyar bayanai sukan gaza, domin tsakanin kwamfuta biyu akwai hanyoyi da dama masu tsawo ɗaya, kuma adireshi da lambar ƙofa, wato lambar da ke bambanta hirarrakin kwamfuta ɗaya, ne ke zaɓa wa kowace hira hanyarta. Fakitin gwaji na iya bin lafiyayyar hanya ya dawo da albishir, alhali ta kusa da ita ce ke cinye fakiti. Paris traceroute, da ya fito a 2006, ya rage wannan matsala ta hanyar tsayar da duk fakitin gwaji a kan hanya guda, don a san hanyar da aka auna.

A 2015 Microsoft ta bayyana tsarinta na Pingmesh, inda sabobi, wato manyan kwamfutocin cibiyar, ke aika wa juna gwaji dare da rana. Dabarar gano wurin, wadda ita ce ta fi ƙayatarwa, tana cikin haɗa sakamakon: a tattara hanyoyin da suka yi asara, a nemo gaɓar da dukansu suka ratsa wadda lafiyayyun ba su bi ba. Daga nan sai a janye suwic ɗin da ake zargi daga aiki, a karkatar da zirga-zirga, a sake aunawa. Idan asarar ta tsaya, sai a sake kunna ta ko a canza katin.