Ruwan Zafi Ya Fi Ƙarfe Riƙe Zafi: Kira Ga Iyaye A Lokacin Hunturu

Da zarar hunturu ya kama, mu ma'aikatan asibiti mukan yawaita karɓar yaran da ruwan wanka ko kunu ya zubo musu a jiki, kuma sau da yawa uwa takan ce ai ta daɗe da sauke tukunyar daga murhu. Gaskiya take faɗi, sai dai ruwa ba ya hucewa da wuri kamar ƙarfe.

Masana kimiyya sun auna wannan bambanci da ma'aunin makamashi da ake kira jul. Kafin zafin kilo ɗaya na baƙin ƙarfe ya ƙaru da digiri ɗaya, jul kusan 450 yake sha, alminiyam da ake ƙera tukwanenmu da shi yana shan kusan 900, amma ruwa sai ya sha kusan 4,200, wato ya ninka baƙin ƙarfe fiye da sau tara. Duk abin da ya sha a kan wuta kuwa yana nan a cikinsa, a hankali yake sakinsa. Shi ya sa za ki ɗaga murfin tukunya da hannu ki ji ya huce, alhali ruwan da ke ƙarƙashinsa zai iya saɓule fatar yaro. Ruwa mai digiri 60, wanda ko kusa da tafasa bai yi ba, yakan yi ƙuna mai zurfi cikin 'yan daƙiƙu, balle ga yaro mai fata marar kauri. Kunu da koko sun fi muni, domin mannewa suke yi a jiki.

Wannan hali na ruwa shi ne kuma ya sa ruwan sanyi ya zama taimakon farko, domin yana zuƙe zafin da ya shige cikin nama. A cire rigar da ta jiƙe idan ba ta manne ba, a cire zobe da awarwaro, sannan a yi ta kwarara ruwa mai tsabta a wurin, da famfo ko da buta, har tsawon minti 20, ana lulluɓe sauran jikin yaron kada sanyi ya kama shi. Kada a sa ƙanƙara. Ina roƙon iyaye da babbar murya su daina shafa man goge baki, ɗanyen ƙwai, manja ko toka, domin suna jawo ƙwayoyin cuta, kuma wanke su daga ciwon azaba ce ga yaron. Kada a fasa bororo.

Idan ƙunar ta fi tafin hannun yaron faɗi, ko ta taɓa fuska, hannu ko al'aura, a garzaya asibiti. Wajen sirka ruwan wanka kuma, a fara zuba na sanyi a bokiti kafin na zafi, a gwada da gwiwar hannu kafin a kira yaro.