Ma'anar "Enzayim" da Abin da Yake Yi wa Guringuntsin Gwiwa

Kwanan nan kalmar "enzayim" ta shiga bakin masu tallar magani, a rediyo da lasifikan motocin da ke zagaya kasuwannin Birnin Kebbi da Jega, inda ake cewa mai ciwon gwiwa ya sayi kwalba domin tana ɗauke da enzayim mai narkar da sanyin da ya daskare a ƙashi. Abin da ke ɓata mini rai shi ne ana ambatar kalmar tamkar wani abin gina jiki da gwiwa ta rasa, alhali a ciwon amosanin gaɓɓai, enzayim ɗin da gaɓar ke fitarwa da kanta su ne ke yin ɓarnar.

Enzayim furotin ne da ke hanzarta aiki guda a jikin mai rai, kuma wasu daga cikinsu aikinsu yanka wani furotin ne, kamar na ganyen gwanda da ake naɗe nama mai tauri da shi domin ya yi laushi.

Duk wanda ya yi noman shinkafa a fadamar Argungu ya ga ɗan kwaɗo yana iyo da wutsiya kamar kifi, sannan wutsiyar ta yi ta raguwa har ta ɓace. Ba guntulewa take yi ba, ba kuma gogar ƙasa ce ke cinye ta ba, jikin ne ke narkar da ita daga ciki. A 1962, a Amurka, Jerome Gross da Charles Lapière suka ɗora ɗan yankin wutsiyar a kan kolajin, wato zaren furotin mai ƙarfi da ke riƙe da fata da jijiya da guringuntsi, suka ga yana narkewa a kewayenta. Da haka aka gano na farko a dangin enzayim da ake kira MMP, waɗanda ɗan Adam ke da sama da 20 daga cikinsu, kuma da su ake gyara rauni da sake fasalin ƙashin yaro mai girma. Ba su zama cuta ba sai idan sun fi ƙarfin furotin mai suna TIMP da ke taka musu birki.

Mafi yawan guringuntsi ruwa ne. Wani furotin mai suna agrikan ke jan ruwan kamar soso, kolajin kuma ya kewaye shi kamar komar masunta ya hana shi watsewa, shi ya sa gwiwa ke ɗaukar nauyin buhu ba tare da ƙashi ya gogi ƙashi ba. Idan tsohon targaɗe ko ƙiba ko kumburi ya matsa wa gaɓa, ƙwayoyin guringuntsin kan ƙara fitar da enzayim mai suna ADAMTS-5 mai yanka agrikan da MMP-13 mai tsinka komar. A 2005 an nuna cewa ɓerayen da aka hana jikinsu yin ADAMTS-5 guringuntsinsu bai lalace kamar na sauran ba. Jiki na iya mayar da agrikan, amma komar kolajin idan ta tsinke a jikin babba da wuya ta sake saƙuwa, ga shi kuma guringuntsi ba shi da jijiyoyin jini da za su kawo masa ɗauki. Saboda haka ko kalmar "zaizayewa" da ma'aikatan lafiya ke faɗa ba ta gamsar da ni, domin tana sa majinyaci ya ɗauka gwiwarsa turmi ce da daka ya cinye, sai ya daina motsi, alhali motsi daidai gwargwado ne ke shigar wa guringuntsi abincinsa.

Enzayim ɗin da aka haɗiya kuwa furotin ne, ciki da hanji za su narkar da mafi yawansa kamar nama. Masu bincike ma hanyar toshe MMP suka bi, amma magungunan farko da aka gwada sun jawo wa mutane ciwo da sandarewar kafaɗu da hannuwa, aka dakatar da su. Abin da likitoci ke ba mai ciwon gwiwa shawara a kai yanzu shi ne rage ƙiba, ƙarfafa tsokar cinya, da shan maganin rage zafi bisa ƙa'ida.