Bayomimikiri: me kalmar take nufi, kuma me ya sa ake ta kwaɓa ta

Kwana biyun nan duk inda ka leƙa sai ka ci karo da kalmar nan bayomimikiri, masu tallan man shafawa a Facebook da TikTok sun ɗauke ta, masu shirin kimiyya a rediyo ma haka, ana fassara ta da "kwaikwayon halitta". Fassarar ba laifi, daga Girkanci kalmar ta fito, bios shi ne rai, mimesis kuma kwaikwayo. Inda gizo ke saƙar shi ne abin da mutane ke ɗauka in an faɗa.

Rannan na ji wani mai talla yana cewa kayansa bayomimikiri ne, wai ma'ana ba sinadari a ciki, daga tsirrai aka haɗa. Wallahi abin ya ba ni haushi don kusan akasin haka ne. Wani kuma da ana maganar irin masarar TELA, wanda aka sauya wa ƙwayoyin halitta, da aka yi ta ce-ce-ku-ce a kansa a 2024 sai ya cuso kalmar, a zatonsa ita ce sauya ƙwayoyin halittar iri. Ina! A wannan fannin ba a canza komai a jikin tsiro ko dabba, ido ake zuba musu a gano dabarar da Allah ya yi a jikinsu, sannan a koma masana'anta a ƙera wani abu da roba ko ƙarfe ko gilas wanda zai yi aiki da wannan dabarar.

Kun san abin maƙale takalmin yara ɗin nan, wanda in an ɓare yake ƙara fyaaat? Velcro sunansa. A 1941 wani injiniya ɗan Suwizalan, George de Mestral, ya dawo daga daji da karensa, ya ga wasu 'ya'yan ciyawa sun manne a wandonsa da gashin karen, kamar dai yadda ƙarangiya ke mana in mun ratsa gona da kaka, duk da ciyawar tasu daban ce. Maimakon ya cire ya yar sai ya sa a madubin ƙara girman abu, ya ga ashe ƙananan ƙugiyoyi ne birjik suke kama duk wani zare da ya lanƙwasa. To nan fa aikin ya fara. Ya gwada auduga, ba ta jure ba, nan da nan take lalacewa, sai da ya koma zaren nailan, gefe ɗaya ƙugiyoyi ɗaya gefen madaukai masu laushi, kuma sai a 1955 ya samu takardar mallakar fasahar, shekara goma sha huɗu ke nan daga ranar da kare ya kwaso ƙaya. Sunan ma haɗi ne na kalmomin Faransanci biyu, velours wato karan-miski da crochet wato ƙugiya. Ku lura da kyau, nailan daga man fetur ake samo shi, ko ƙwayar ciyawa ɗaya babu a Velcro. Siffar kawai aka ɗauko. Ni wannan ne ma ya fi burge ni a fannin, kuma yana min ciwo in na tuna ƙarangiyar da muka taso muna tsinewa a ƙafa tana da nata irin ƙayar mai kamu, ba wanda ya taɓa ce mana mu tsaya mu duba yadda take.

Haka ganyen lotus, wani tsiron ruwa na Asiya mai kama da bado. Masanin tsirrai na Jamus Wilhelm Barthlott ya gano cewa ƙananan ƙuraje masu kakin zuma-zuma a saman ganyen su ke sa ruwa ya dunƙule ya gangara ya tafi da ƙura, daga nan aka yi fentin bango mai suna Lotusan wanda ruwan sama ke wankewa. Ganyen gwaza ma haka yake yi, duk mai shi a gida ya zuba masa ruwa ya gani.

Don haka in mai talla ya sake ce muku kayansa bayomimikiri ne, ku tambaye shi siffar wane tsiro ko wace dabba aka kwaikwaya, kuma da me aka ƙera.