Tiriftes

Tiriftes wani enzayim ne, wato sinadarin da ke hanzarta aiki a jiki, mai yanka furotin, ana samunsa jibge a cikin ƙwayoyin mast, wato ƙwayoyin garkuwar jiki da ke zaune a fata da huhu da bangon hanji. Paul Ehrlich na Jamus ne ya fara bayanin waɗannan ƙwayoyin a 1878, shi kuma enzayim ɗin sai a 1981 Lawrence Schwartz da abokan aikinsa a Amurka suka tace shi daga huhun mutum.

Ƙirarsa abin mamaki ce. Guda huɗu ne suke haɗuwa su yi zobe, wani sinadari mai suna hefarin na riƙe da su, bakin yankan kowanne yana kallon ramin tsakiya, shi ya sa manyan furotin ɗin jini da ke taka wa irin waɗannan enzayim birki ba sa iya kutsawa su kai gare shi. Idan ya fita daga ƙwaya yana tsokano kumburi da ƙaiƙayi, yana kuma da hannu a taurin hanyar numfashi a asma.

Inda ya fi amfani dai asibiti ne. A ce ana tsaka da tiyata an yi wa mutum allura, kawai sai jininsa ya faɗi, ƙirji ya toshe, fata ta yi rudu-rudu, to anafilaksis ne, wato mummunan borin da jiki ke yi wa abin da bai karɓe shi ba, ko zuciya ce? Histamin, wani sinadarin da ƙwayoyin mast ke fitarwa, da zai ba da amsa cikin 'yan mintoci ya ɓace, amma tiriftes yana kai ƙololuwa wajen awa 1 zuwa 2 kuma yana ɗan jimawa, don haka ake ɗibar jini a lokacin, a sake ɗiba bayan awa 24 a kwatanta. Ƙa'idar ita ce na farkon ya wuce ninki 1.2 na ma'aunin mutum na yau da kullum, wato na biyun, a ƙara nanogiram 2 a mililita.

Mai lafiya yawanci bai wuce nanogiram 11 a mililita ba. Idan kullum yana sama da 20 akan yi zargin mastosaitosis, cutar da ƙwayoyin mast ke yin yawa a ɓargo da fata, kodayake wasu gado ne kawai, suna da ƙarin kwafin ƙwayar gadon da ke samar da tiriftes, wato TPSAB1, a kuromosom na 16. Gwajin kuma ba ya kama komai fa, sau da yawa wanda abinci ya tayar wa anafilaksis ana auna shi a ga bai tashi ba.